Hannu Biyu Sama

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki, da maigidanki, da yaran nan masu ɓarna. Idan kin tambayi lafiyata, ƙalau nake, in ban da gwiwar da kika sani.

Tun shekarar da iska ta yaye rufin makarantarku ta je ta kifa shi a kan gidan mai, shekarar da kike famfara kina ƙin yin dariya, ba a ƙara yin ruwa irin na makon jiya ba. Duk wanda ya ce miki an yi, ko yaro ne ko mantuwa ke damunsa. To a cikin wannan ruwan na samo kare. Na faɗa miki tun farko don kada ki ji a bakin wani an ƙara gishiri.

Tela ne ke rubuta mini kamar kullum, kuma na gaya masa abin da bakina ya faɗa shi hannunsa zai sa. Wayar da kika aiko tana cikin kwano, na rufe ta. Wayoyin yanzu an rage musu murya, mutum na magana kamar daga ƙarƙashin bargo, ni kuwa ba zan tsaya ina "iye? iye?" a gaban jama'a ba.

Ga yadda aka yi. Na taka na je ganin tsohon kamfaninmu na ƙarafa, don na ji an ce waɗanda suka saya sun kwashe komai. Haka ne kuwa. Har injin ɗaga kayan da na yi rabin rayuwata ina ba shi hannu sun kwance sun tafi da shi, sai ramin gindinsa cike da ruwa. Abin da suka bari kare ne, ɗaure a jikin ƙofa. Fari ne, girman ɗan maraƙi, kansa kamar bokiti. Mai gadin siton da ke kusa ya ce wai kurma ne shi ya sa aka bar shi, ɓarawo zai iya cire ƙofar da aka ɗaure shi a jiki bai farka ba. Muna cikin magana aka yi wata tsawa, mai gadi ya durƙushe, ni ma na ji ta har cikin haƙorina. Karen ko kunne bai kaɗa ba. Na ɗaga hannu zan share ruwa daga fuskata, sai na ga idonsa ya bi hannun. Na sauke, ya bi shi ƙasa.

Kin san direban injin nan yana can sama cikin akwatin gilashi, ƙarar ƙarfe ta cika ko'ina, ba ya jin kowa. Hannuna kawai yake kallo. Tun da na bar aiki ba wanda ya ƙara kallon hannuna haka. Sai na kwance igiyar.

Na sa masa suna Direba. Tela ya ce me kurma zai yi da suna, na ce ba don shi na sa ba, don ku ne. Yana kwana a bakin ƙofa ta ciki, mahauci na ajiye mini ƙashi da abin da ya rage a kan katako. Ci yake kamar lebura uku.

Kada ki ce komai, na riga na gama magana. Ki aiko mini da man gwiwa irin na wancan karon, ba mai warin nan ba. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi, yara da babansu suna gaisuwa. Ga man gwiwa nan.

A tsaye na fara karanta wasiƙarka a ɗakin hutunmu na asibiti, sai da na nemi kujera. Baba, ciki da falo kake da su. Gwiwarka ɗaya da rabi. Kusan kowane mako ana kawo mana dattijo da karayar ƙugu, kuma yawancinsu a kan tabarma suka zame, ba maraƙi ne ya ja su ba. In ya fizge ka ka faɗi, wa zai ɗaga ka? Shi da ba zai ji kana kira ba?

Na san faɗa ba zai yi amfani ba, don haka ga abin da nake roƙo. Ka kai shi wajen likitan dabbobi a yi masa allura. Kada ka sake shi a titi ko sau ɗaya, ba zai ji mota ba. Ka ɗaura masa ƙararrawa a wuya don a san inda yake. Sannan ka tambayi mai gidan, tun kafin ya ji da kansa.

Ɗakin da muka gyara maka yana nan, har yanzu na hana yara shiga. Amma ka sani a benen da muke ko mage ba a yarda a ajiye ba.

Wayar kuma lafiyarta ƙalau, ni na gwada ta kafin in aiko. In ka zo zan kai ka a duba kunnenka.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka.

*

Uwata,

Bayan gaisuwa. Kunnena ba abin da ya same shi. Da wannan kunnen na ji kukanki na farko daga bayan ƙofa biyu, a shekarar da aka sa fitilun titi.

Na kai shi wajen likitar dabbobi, wata yarinya ce sa'arki. Ta tafa hannu a bayansa, ta ce haka aka haife shi. Na ce ai na sani, allurar na zo yi. Ƙararrawa ma na ɗaura, amma ta banza suka sayar mini, ba ta ƙara.

Mun sha wuya da farko. Ran nan yana barci na dafa bayansa, ya zabura ya ɗauki teburin da kansa, fulas ɗin mahaifiyarki ya faɗo. Bai fashe ba, kayan da ne. Daga nan na gane sai dai in buga ƙafa a ƙasa, ya ji motsi a jikinsa ya buɗe ido. In duhu ya yi kuma tocila nake haska masa a bango. Haushinsa ba daɗi, don bai taɓa jin yadda karnuka ke yi ba, kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Matar da ke ɗakin baya ta yi ƙorafi. Na ce ita ma ai muna jin waƙarta in tana wanki ba mu ce komai ba.

Amma Uwata, ki zo ki ga aiki. Na koya masa hannun kamfani. In na juya yatsa sama, ya zo. In na dunƙule hannu, ya tsaya cak ko da ƙashi ne a gabansa. In na kifa tafin hannu ƙasa, wato sauke, ya kwanta. Na yi aiki da direbobi da yawa, wani sai ya yi wata shida yana kawo mini kaya hagu ina cewa dama. Wannan kafin ƙashin mako ya ƙare ya riƙe. Na ƙarshe shi ne hannu biyu sama, wato ɗaga gaba ɗaya. Da na rasa abin da zai ɗaga, sai ya ɗaga kansa. Ya miƙe a kan ƙafa biyu ya ɗora hannuwansa a kafaɗata. In ya miƙe ya fi ni tsawo.

Maganar mai gida kuma, mai gida ya rasu tun shekarar da aka rufe tsohuwar gada. Wannan ɗansa ne, na san shi da majina har baki. Ya zo duba rufin da ke yoyo, an ɗan sami rashin fahimta, kuma shi ya jawo. Ba wani abu ba ne.

Ki gaishe da yara. Ki ce wa ƙaramin na ji labarin abin da ya yi wa agogon babansa, ya kyauta.

Mahaifinki.

*

Zuwa ga Malama,

Sallama da gaisuwa irin ta maƙwabtaka. Ni ne Tela, mai rubuta wa Baba. Ki gafarce ni da na sako wannan takarda cikin tasa, amma an hana ni ƙari a waccan, kuma rashin fahimtar da ya ce yana buƙatar ƙari.

Ɗan Mai Gida ya shigo tsakar gida da tsani a kafaɗa, bai san da kare ba. Direba ya leƙo daga ƙofa. Kin san duk wanda ya yi arba da dabba irin wannan abin da zai yi: ya yar da tsani, ya ɗaga hannu biyu sama yana ja da baya. Shi kuwa Direba ya ga an ba shi hannu. Da gudu ya zo, ya miƙe, ya ɗora masa hannuwa a kafaɗa yana kaɗa wutsiya. Mutumin ya tafi da baya ya zauna cikin bahon wankin matar ɗakin baya. Gilashinsa ya karye, wuyan hannunsa ya gurɗe, yanzu a naɗe yake. Karen bai cije shi ba, lasar kunnensa kawai ya yi. Baba kuma maimakon ya ba da haƙuri, sai ya tsaya a kansa yana tambayarsa wa ya ce ya ba da hannun da bai san ma'anarsa ba.

Ba shi ne na farko ba. Mai karanta mita ma ya sha, shi dai bango ya tare shi.

Yanzu an ba Baba zuwa ƙarshen wata: ko kare ya fita, ko su fita tare. Na faɗa masa da ƙarfi har sau biyu don in tabbata ya ji. Ya ce ya riga yaron zama a gidan.

Ƙararrawar kuma tana ƙara, Malama. Duk layin nan muna jin ta. Mutum biyu ne kawai ba sa ji, wanda ya ɗaura da wanda aka ɗaura wa.

Ki yi wani abu don Allah. Na gode.

Maƙwabcinku, Tela.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Na ji komai, kuma kada ka yi wa Tela faɗa, da bai faɗa ba da sai na ga kayanka a titi.

Na kira Ɗan Mai Gida. Na ba shi haƙurin da ya kamata a ce kai ka ba shi, har bakina ya bushe. Mutumin kirki ne, Baba, ko da ka san shi da majina. Ga abin da ya yarda da shi. Ƙarshen wata zai shigo tsakar gida ya ɗaga hannu biyu sama. In karen ya tsaya a ƙasa, ku zauna. In ya hau shi, magana ta ƙare.

Na kira likitar dabbobin ma. Ta ce abu ne mai sauƙi in ka daure. Ka ɗaga hannu biyu, in ya miƙe ka juya masa baya, kada ka kalle shi, kada ka taɓa shi. In ya sauka ya kwanta, ka ba shi nama. Kullum haka, ba fashi, har ya gane hannu biyu sama yana nufin kwanta. Ta ce ko sau ɗaya ka bari ya hau ka, an koma farko.

Baba, ka yi wannan kawai. A ɗakin nan Inna ta cika, na san ba za ka iya barinsa ba. Karen kuma in ya fita ba mai ɗaukarsa, ita kanta likitar ta ce kurma mai wannan girman allurar barcin da ba a tashi ake yi masa. Ni ma na gaji, ina aikin dare ina tunanin baho da tsani.

Allah ya huci zuciyarka.

'Yarka.

*

Uwata,

Na amsa gaisuwa. Tela na zaune ga shi nan, na ce ya rubuta cewa shi munafuki ne, kuma na sa matar ɗakin baya ta duba ta tabbatar ya rubuta.

Ke da likitarki ba ku san abin da kuke cewa ba. Ba a canja hannu. A shekarar da aka yi yajin aikin da ya kai har aka kulle ƙofar kamfani da sarƙa, da aka dawo sai aka kawo mana sabon shugaban sashe, mai takarda a aljihu. Ya ce hannunmu na tsofaffi ne, a canja biyu daga ciki. Muka ce a'a, ya ce dole. Ba a yi nisa ba wani mai ba da hannu a ɗaya layin ya ba da sabon, direba ya karanta tsohon. Damin rodi ya sauka a ƙafar Dogo mai walda. Ni na riƙe kansa har mota ta zo. Ya rayu, amma da sanda ya aurar da 'ya'yansa. Duk waɗanda suka ga wannan sun mutu sai ni, shi ya sa kowa ke ganin abu ne mai sauƙi. Wanda ba ya ji, hannunka ne kawai gaskiyarsa. In yau ka ce masa zo, gobe da hannun nan ka ce masa tafi, me ya rage masa?

Karen bai yi kuskure ba. Mutane ne ke ba da hannu barkatai. Don haka mutanen na fara koya wa.

Na bi layin nan gida gida. Na ce in kun ga Direba, hannu a ƙasa, in kuma tsoro ya kama ku ku dunƙule hannu ɗaya, zai tsaya. Mai kanti ya koya. Mai gyaran keke ya koya, har yana yi wa matarsa. Amma akwai masu taurin kai, ban san inda mutane ke samo shi ba. Wani malamin makaranta ya ce mini shi ba zai koyi yaren kare ba. Na ce ba yaren kare ba ne, yaren mutanen da suka ɗaga ƙarfen da ke riƙe da rufin ajinka ne. Yanzu wai mai kanti da mai wanki ba sa magana, don ɗaya ya wuce bai ɗaga wa ɗaya hannu ba. Wannan kuma ba ni na haɗa su ba, tun kan maganar kwata suke da ita.

Ɗan Mai Gida ma zan koya masa in ya zo. Hannu ɗaya ya rage masa, dunƙulewa ba za ta yi masa wuya ba.

Ki daina kiran mutane a kaina. Allah ya yi miki albarka duk da haka.

Mahaifinki.

*

Malama,

Gaisuwa. Munafukin ne kuma. Wannan karon da kaina na kai gidan waya.

Makarantar Baba ta watse. Shekaranjiya suna tafe a bakin titi, igiya a hannunsa, sai wata baƙuwa a tsallake ta ɗaga hannu biyu tana tsayar da mota. Direba ya gani. Ya ja Baba ya kayar da shi, ya shiga titi, motar ta ci burki har ta juya. Ba ta taɓa shi ba, da kaɗan. Baba ya ƙuje gwiwar mai lafiyar da tafin hannu. Mu muka ɗaga shi. Bai yi wa kowa faɗa ba, wannan ne ya ba ni tsoro.

Akwai abin da nake gani ta tagar shagona da ban taɓa faɗa miki ba. Kowace safiya in ya fito tsakar gida, kafin ya wanke fuska, yana jingina sandarsa a bango ya ɗaga hannu biyu. Karen ya miƙe ya ɗora hannuwa a kafaɗarsa, ya kwantar da wannan ƙaton kan a wuyansa. Baba ya rungume shi. Sai su tsaya haka, har in gama sa zare in ɗinke hannun riga suna nan. Ina jin bakinsa na motsi, ban san me yake faɗa wa wanda ba ya ji ba. Tun rasuwar Inna ban ga wani mahaluƙi ya taɓa Baba ba, in ba mai allura ba.

Labarin Dogo gaskiya ne, na ji shi ya fi a ƙirga. Amma ina ganin ba shi kaɗai ne dalilin ba.

Ƙarshen wata ya matso. Ki san yadda za ki yi magana da shi.

Tela.

*

Baba,

Ina gaishe ka, ya jiki? A wanke ciwon da ruwan gishiri, kada a sa masa man gwiwa.

Ba zan ƙara yi maka faɗa ba, ya ƙare mini. Ba zan kuma ce ka zaɓa tsakanin ɗaki da kare ba, don motar nan ta kusa zaɓar maka. Layinku za ka iya koya wa, amma garin ya fi ƙarfinka.

Na nemi hutu, zan zo kafin ranar. In ka ga abin zai yi maka nauyi, ka jira ni, ni zan riƙa juya masa bayan.

'Yarka.

*

Uwata,

Na gaishe ki. Ciwo ya kama bushewa.

Ba ke za ki yi ba. Hannuna ya sani, daga hannuna zai ji. In wani ya yi masa, zai ɗauka duniya ce ta lalace. In ni na yi, zai san magana ce.

Har yanzu ina nan a kan bakana, ba a canja hannu, kuma ki gaya wa likitarki haka. Na je wajen mahauci na ce ya yanka mini tsoka ƙanana ƙanana, ba ƙashi ba. Na ce wa Tela ya sa labule a tagarsa, tunda ɗinki ya gagare shi sai leƙe.

Kada ki zo da wuri. Ki bari sai ranar.

Gobe da safe zan fito tsakar gida in jingina sanda, in ɗaga hannu biyu. In ya taso, zan juya in kalli bango.

Mahaifinki.